Daga Magami Zuwa Dakar: Asibitin da Ake Sauraron Mara Lafiya

Mutumin ƙasarmu in ya ce zai tafi Senegal, ba a tambayarsa wurin wa za shi. Kowa ya san Kaulaha ya nufa, ziyarar Shehu Ibrahim Inyass, wanda tun rasuwarsa a 1975 ƙafar Hausawa ba ta ɗauke daga Madina Baye ba. Ni ma abin da ya fitar da ni daga Magami ke nan. Muka yi sammako muka bi ta Wanke zuwa Gusau, don hanyar nan tamu ta Ɗansadau yanzu ba mai binta in rana ta karkata. Iyayenmu ta ƙasa suke zuwa, su ratsa Yamai da Wagadugu da Bamako, su shiga Senegal ta Kidira. Mu kuwa rashin tsaro ya sa muka hau jirgi daga Legas, muka sauka a filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017. Daga Dakar zuwa Kaulaha kusan kilomita 190 ne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gonakin gyaɗa da itatuwan kuka hagu da dama, har ka iso inda ake tara gishiri tsibi-tsibi a bakin kogin Salum. A makon Mauludi Hausa ke tashi ta kowace kusurwa, ta Kano da ta Sakkwato da ta zangon Kumasi, har mutum ya manta ya bar gida.

Ziyara ta yi kyau, alhamdu lillahi, kuma waɗanda suka fi ni iya bakinsu sun sha ba da labarinta. Nawa labarin na wani asibiti ne da na shiga a Dakar kan hanyar komowa.

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma tun da lamarin 'yan bindiga ya ta'azzara a yankinmu akwai wata irin cuta da ta fi ƙarfin akwatin maganina. Mace za ta zo ta ce kanta ke sarawa, gabanta na faɗuwa, barci ya ƙaurace mata. Ka auna jini, lafiya lau. Ka gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Ka ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini ta tafi, bayan kasuwa biyu ta dawo da kukan da ta zo da shi tun farko. Sai can daga baya ka ji a bakin maƙwabciyarta cewa a gabanta aka harbe mijinta, ko kuwa ta yi watanni a daji kafin dangi su sayar da gona su haɗa kuɗin fansa. Akwai magidancin da in ya ji ƙarar babur da dare sai jikinsa ya ɗauki rawa har asuba. Akwai yaron da ya daina magana. Duk wanda ka tambaya lafiya, zai ce alhamdu lillahi, mu kuma mu ce masa sai haƙuri, layi ya matsa. Da wannan damuwa a raina na tafi Senegal, shi ya sa abin da na gani ya kama ni ƙwarai.

A Dakar masu gashin tsire da yawa Hausawa ne daga Nijar, har mutanen gari da sunan Hausa suke kiran irin wannan gashi. Wani dare na tsaya wurin ɗayansu, mutumin wajen Tawa, dogo mai fara'a, wanda ya daɗe a birnin har Wolof da Faransanci sun zauna a bakinsa. Da ya ji Zamfarci a harshena sai ya ƙi karɓar kuɗina, ya jawo mini benci, ya sa aka dafa shayi. Shayin Senegal zagaye uku ake yi masa, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma ba a gaggawarsa; kafin a kai na uku ya san aikina, ni kuma na san abin da ke damunsa. Ƙaninsa ne ba lafiya. Ya ce, “Malam, tunda aikinka ne, gobe muna da zuwa Fann. Zo ka ga yadda mutanen nan suke yi, ko ka samu abin kai wa gida.”

Asibitin Fann yana kan titin Cheikh Anta Diop, maƙwabcin babbar jami'ar da ita ma ke ɗauke da sunan wannan masani, kuma teku ba ta da nisa, iskarta na kaɗowa har cikin harabar. Babban asibitin koyarwa ne mai sassa da yawa. Sashen masu taɓin hankali sunan Moussa Diop aka sa masa, ɗaya daga cikin likitocin ƙwaƙwalwa na farko 'yan ƙasar. Na shiga da tsammanin jin ihu da ƙarar ƙarfe. Abin da na tarar shi ne mutane zaune a inuwa, wata tsohuwa na tsefe wa 'yarta kai, wani saurayi na alwala da buta, wasu sun kewaye kwanon shinkafa da kifi suna ci tare. Na daɗe ina kallo ban iya raba mara lafiya da mai jinyarsa ba. Ko'ina gaisuwa ce doguwa irin tasu, a kira sunan zuriyar mutum a maimaita, kuma na lura ma'aikata da irin wannan gaisuwar suke tarar marasa lafiya.

Wurin yana da tarihi, kuma ba da daɗi ya fara ba. Daga 1897 zuwa 1914 Turawan mulkin mallaka a jirgin ruwa suke loda masu taɓin hankali daga Senegal su kai su wani gidan mahaukata a Marseille ta ƙasar Faransa, inda ba mai jin harshensu, kuma yawancinsu can suka mutu. A 1956 aka buɗe sashen Fann. A 1959 wani likitan soja Bafaranshe, Henri Collomb, wanda ya taɓa aiki a Habasha, ya karɓi ragamarsa, ya riƙe har 1978. Mutumin nan ya yi abin da Turawan zamaninsa kaɗan ne suka yi: ya yarda cewa bai san mutanen da ya zo yi wa magani ba, ya zauna koyo. Ya tara likitoci da masana halayyar ɗan Adam da masu nazarin al'adu, baƙi da 'yan ƙasa, suka riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya suna tambaya. Ɗaya daga cikin masanan, András Zempléni, ya yi shekaru yana nazarin iskokin da ƙabilun Wolof da Lebu ke kira rab, da bikin ndep da ake yi wa wanda suka kama, abin da ba zai zama baƙo ga duk wanda ya san bori ba. A 1965 suka kafa mujallar Psychopathologie africaine, wadda ta sa sunan Dakar ya zaga duniya a wannan fanni. A 1974 suka buɗe ƙauyen jinya a Kenia kusa da Ziguinchor, inda mara lafiya ke zama da danginsa yana noma. Da Collomb ya tafi, Babacar Diop ya gaje shi, tun daga nan kuma 'yan ƙasa ke riƙe da wurin.

Abu biyu daga wancan zamani suka fi burge ni. Na ɗaya, ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Sai da wani nasa, uwa ko wa ko ƙanwa, su kwana ɗaki ɗaya har ranar sallama. Mu ma muna da mai jinya a asibitocinmu, amma namu ɗan aike ne: ya sayo magani, ya kawo ruwan zafi, ya shimfiɗa tabarma a baranda, in likita ya shigo zagaye a ce ya fita. A Fann an ɗauke shi wani ɓangare na maganin kansa. Ana tambayarsa, ana koya masa, kuma kasancewarsa a ɗakin na hana a wulaƙanta mara lafiya, tana kuma hana dangi su jefar da shi su manta. Na biyu shi ne taron da suke kira penc, wanda suka aro daga zaman dandalin ƙauye. Marasa lafiya da masu jinya da likitoci da masu shara duk su zauna da'ira ɗaya, a zaɓi shugaban zama daga cikin marasa lafiyar, sabon zuwa ya faɗi abin da ya kawo shi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ana fassara daga wannan harshe zuwa wancan. Wani tsohon ma'aikacin jinya da muka zauna da shi ya ce mini zaman ba ya yawaita yanzu yadda yake a da, don matsin tattalin arzikin shekarun 1980 da karya darajar sefa a 1994 sun taɓa komai a ƙasar. Duk da haka idonsa har ƙyalli yake in yana ba da labarin ranar da mara lafiya ya katse babban likita a tsakiyar magana, likitan kuma ya yi shiru har ya gama.

Ƙanin mai tsiren an riga an sallame shi, yana dai dawowa ne sau ɗaya a mako. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, siriri, ya yi boko a Nijar har ya iya Faransanci. Ya amince in ba da labarinsa muddin ban kama suna ba. Yana Dakar yana taya wansa aiki mahaifinsu ya rasu a gida, labari bai iso ba sai bayan an rufe shi. Bai yi kuka ba, washegari ma ya fito aiki. Bayan wasu watanni barci ya ƙaurace masa, ya daina cin abinci, ya ce wani abokin sana'a ya yi masa sammu, har ya kai ga tsayuwa bakin titi yana magana shi kaɗai. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, daga bisani aka kai shi Fann. Magani ya kwantar da shi cikin 'yan makonni. Amma likitan da ya duba shi ya ce da sauran aiki, ya haɗa shi da wani dattijo masanin halayyar ɗan Adam, ranar kaza ƙarfe kaza, kowane mako.

Da lokaci ya yi dattijon ya fito da kansa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Mai tsire ya gabatar da ni, ya ce baƙo ne ma'aikacin lafiya daga Najeriya, ko zai yiwu in shiga in gani. Dattijon ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi murmushi, ya ce a gaya mini ya ji daɗin zuwana, amma wannan sa'ar ta yaron ce, ko wansa da ke biyan kuɗin mota ba ya shiga. Ya ja ƙofa ya rufe. Wallahi ban taɓa jin daɗin an hana ni abu irin na ranar ba. Na tuna ɗakin da nake duba mutane a gida, labule ne kawai tsakaninmu da layi, uwar miji na tsaye a kan matar ɗanta, mai jiran allura na jin duk abin da ake faɗa. A irin wannan wuri wace mace ce za ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata a daji?

Muka zauna a benci kusan minti 45. Wan ya ce da farko abin haushi yake ba shi. “Malam, na ce wannan wane irin likita ne, ba allura, ba ƙwaya, sai zance? Na tambaye shi me yaron nan ke gaya maka, ya ce in tambayi yaron.” Ya yi dariya, ya ce yanzu kam ko ranar ciniki ce yakan rufe tukuba ya rako shi.

Da yamma, a wurin tsire, yaron da kansa ya ba ni labarin abin da ke faruwa bayan ƙofar. Ya ce makonnin farko ba abin da yake faɗa sai zancen sammu, dattijon kuma bai taɓa ce masa ƙarya ne ba, bai kuma ce gaskiya ne ba. Tambayarsa kawai yake yi: yaushe ka fara ji, me mutumin yake so da kai, wa kake tunawa in ka gan shi. Wani lokaci su yi shiru su biyu har ya ji nauyi. Sannu a hankali ya saba, har ya zamana tun ana saura kwana biyu yake ƙosawa ranar ta zo. Sai wata rana dattijon ya sanar da shi cewa zai yi tafiya, zama biyu ba za su haɗu ba. “Kawu, ban san daga ina fushin ya zo ba. Da ya dawo ƙin zuwa na yi. Da Yaya ya tilasta ni na je, na ce masa kai ma irinsu ne, kuɗi kawai kake ci, in ka ga dama ka tafi ka bar mutum.” Ya ce ya jira a kore shi, ko a yi masa faɗan rashin kunya ga babba. Dattijon bai kare kansa ba, bai kuma ba shi haƙuri don a wuce wurin ba. Cewa ya yi, ka ce ni ma irinsu ne, su wa?

A nan yaron ya yi shiru, ya juya tsinken tsire a kan wuta, sannan ya ci gaba. Mahaifinsu ɗan ci-rani ne. Kowace shekara in an gama girbi sai ya fita da asuba yara na barci, don kada su yi kuka, ba sallama, sai dai su farka su ga babu shi. Tun yana ƙarami yake jin haushin wannan, amma wa ya isa ya ce yana fushi da ubansa? Ga shi kuma tafiyar ƙarshe ma haka ya yi ta, ba sallama. Ranar ce ya fara yi wa mahaifinsa kuka, a ɗakin wani Basenegale da bai taɓa ganin Tawa ba. Ya ce tun daga nan zancen sammu ya riƙa raguwa da kansa, ba wanda ya ce ya bari.

Abin da ya faru a ɗakin nan masana sun daɗe da saninsa. Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da aka haifa a 1856, shi da Josef Breuer suka wallafa littafi a 1895 a kan marasa lafiyar da ciwonsu ke sauƙi in sun samu faɗin abin da suka binne. Da Freud ya ci gaba da aikin sai ya lura cewa mara lafiya, in zama ya yi nisa, yakan ɗauki so ko tsoro ko fushin da yake yi wa uwa ko uba tun yarinta ya ɗora wa likitan, ba tare da ya sani ba. Da farko cikas ya ɗauke shi. Zuwa 1912, da ya yi rubutu musamman a kan lamarin, ya gane cewa nan ne aikin yake: tsohon ciwo ya taso da ransa a cikin ɗaki, inda za a iya dubansa tare. A 1950 wata almajirar wannan fanni, Paula Heimann, ta ƙara da cewa abin da likitan kansa ke ji a zuciyarsa game da mara lafiya, ƙunci ne ko tausayi ko gajiya, shi ma abin lura ne, don sau da yawa yana nuna abin da mara lafiyar ya kasa furtawa. Ni Musulmi ne, akwai maganganun Freud da yawa da ban karɓa ba, musamman ra'ayinsa a kan addini, kuma ko a Turai an yi watsi da wasu. Amma wannan ɗaya na ji ta da kunnena a bakin yaron da bai taɓa jin sunan Freud ba.

Kashegari mai tsire ya yi mini tafinta wurin wani matashin likita da ya ba mu lokacinsa bayan ya tashi aiki. Na tambaye shi sirrin abin. Ya ce rabin maganin a tsayuwar alkawari yake: rana ɗaya, sa'a ɗaya, ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Wanda duniya ta yi masa ba-zata yana bukatar wuri guda da ba ya canzawa, kuma sai ya gwada ka ya ga ba ka gudu ba kafin ya ba ka abin da ke cikinsa. Ya ce mafi wuya ga sabon ma'aikaci shi ne riƙe bakinsa, don kowa na son ya ba da shawara ya ji ya yi wani abu, alhali shawarar gaggawa sau da yawa hanya ce ta rufe wa mutum baki. Na ji wannan a jikina, don na san sau nawa kalmar haƙuri ke fita daga bakinmu tun mai magana bai kai aya ba. Ya kuma ja kunnena a kan haɗarin da ke ciki. Mutumin da ya buɗe maka zuciyarsa ya ba ka iko a kansa, zai iya ɗaukarka uba, mace za ta iya jin tana sonka. Saboda haka dokar aikin ke da tsauri: ba soyayya, ba aure, ba ciniki, ba karɓar babbar kyauta, ba kai zance waje. Mai wannan aiki kuma dole ya kasance yana da na gaba da shi da yake kai wa damuwarsa, kuma masu bin tafarkin Freud sai sun zauna a kujerar mara lafiya su kansu, shekaru, kafin a ba su izini. Kayan da suka yi nauyi a ka, mai ɗauke da su ba ya iya sauke su shi kaɗai, sai ya ce wa wani sauke ni; to mai saukewar ma in bai iya tsayuwa ba, su biyun ne za su zube.

Na tambaye shi batun aljanu da sammu da maita, don na san da su mutanena za su zo. Ya ambaci Marie-Cécile Ortigues, wadda ta yi aiki a Fann daga 1962 zuwa 1966, ita da mijinta Edmond suka fitar da littafin Œdipe africain a 1966. Sun lura cewa mara lafiya a Dakar ba kasafai yake cewa laifina ne ba, yadda na Faris ke yi; cewa yake wani ne ya yi mini, iska ce, maye ne, asiri ne. Sun kuma ga cewa uba a nan ya fi ƙarfin a yi jayayya da shi, don yana jingine da kakanni, sai kishin ya koma kan 'yan'uwa da tsara. Na tuna abokin sana'ar da yaron ya zarga, na jinjina kai. Likitan ya ce shi ba ya gardama da kowa a kan gaibu, ba ya kuma hana kowa zuwa wurin malaminsa, in dai ba za a daina shan magani ko a cutar da jiki ba. Da harshen da mutum ya zo da shi ake fara sauraronsa.

Da yake daga Kaulaha na fito, dole tunanina ya je kan muridi da shehinsa. Akwai kama da wannan aiki: miƙa amana, yawan zama, da yarda cewa zuciya ba ta gyaruwa sai a hannun wani. Amma akwai bambanci babba. Shehu jagora ne, yana umarni, kuma alaƙarsa da muridi har Lahira ake fatan ta. Mai sauraron mara lafiya kuwa ba ya umarni, kuma tun ranar farko shirin rabuwa ake yi, ranar da mara lafiya zai iya tafiya da ƙafarsa. Har ma sukan ɗauki watanni suna maganar rabuwar kafin ta zo, don kada ta zama wata tafiyar asuba. Kada kuma wani ya ce wannan ilimi baƙo ne a Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, ya kuma sa zance da amintaccen mutum cikin maganinsu. Neman mai saurare ba ya warware tawakkali, kamar yadda zuwa wurin mai ɗori ba ya warware shi.

Ba zan ce muku duk wanda ya shiga Fann yana samun irin gatan da yaron nan ya samu ba. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne ko a Dakar, jinyar na cin watanni ko shekaru, kuma akwai cututtukan da magana kaɗai ba ta isar musu, sai da ƙwaya. Abin da na yaba shi ne ƙasa ce ta Musulmi, talakawa irinmu, masu imani da iskoki irin namu, amma suka gina wurin da ake ɗaukar maganar mai taɓin hankali da daraja, suka kuma riƙe shi fiye da shekara 60. Mu ma ba daga baya muka fara ba. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya, kuma a Abeokuta aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a 1961, kafin Dakar ta karɓi na biyu a 1968. Lambo har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. Amma yau likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma a 2019 duk mun ga hotunan waɗanda 'yan sanda suka fito da su daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, da sarƙa a ƙafa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Mutumin Magami in abin ya yi tsanani, Gusau zai nufa, daga can wataƙila a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato, ga kuɗin mota, ga hanya.

Na san ba za mu samu irin dattijon nan a kowace gunduma ba nan kusa. Amma abin da ya fara yi wa yaron bai fi ƙarfinmu ba: ya rufe ƙofa, ya tsayar da rana, ya riƙe amana, ya bari aka yi fushi da shi bai rama ba. Tun da na dawo na ware yammacin Laraba ga mata 'yan kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin ajiyar magani, don shi kaɗai ke da ƙyaure. Ba na kiran abin da nake yi da sunan aikin masana, kuma in na ga abin ya fi ƙarfina turawa nake gaba. Wata ta yi zama da yawa ba ta ce komai ba sai gaisuwa, ranar da ta fara magana kuwa har aka kira magariba ba ta tsaya ba. Ni kaina a daren ban runtsa ba, kuma ba ni da na gaba da ni da zan kai wa, abin da likitan Fann ya ce kada a yi wasa da shi.

Don haka kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe, da makarantar koyon jinya ta Gusau, shi ne a sa sauraron mara lafiya cikin abin da ake koya wa ɗalibai a kuma jarraba su a kai, yadda ake jarraba su a kan allura. A tura wasu daga cikinmu Kware da Aro su samu horo, a haɗa kowannensu da ƙwararren da zai riƙa bibiyarsa ko ta waya ce. Malamanmu na masallatai da zawiyoyi, waɗanda su mutane ke fara kai wa kuka, a zauna da su a yi aikin tare. Sannan a kowane ƙaramin asibiti, daga Magami zuwa Wanke da Mada da Kwatarkwashi, a ware ɗaki ɗaya mai ƙyaure da kujeru biyu, a kuma ba ma'aikaci ɗaya lokacin zama a cikinsa.